Sai An Haifi Direba

An ɗauki 'yata ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Takardar ta zo ranar Alhamis, aka karanta ta sau huɗu a tsakar gida, uwarta ta yi kuka, ƙannenta suka yi ta tsalle. Ni kuma na karɓa na juya bayanta, domin na san duk abin da zai hana mutum barci a bayan takarda ake rubuta shi. A nan na ga sharaɗi na bakwai: ɗaliba ta zo da ainihin takardar haihuwa ta gwamnati, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'ar mako mai zuwa. Wadda ba ta kawo ba, a ba ta bayanta gurbin.

Ba mu da wannan takarda. Shekara goma sha takwas da katin allurar riga-kafi muke aiki, da shi ta yi firamare, da shi ta yi sakandare, ba wanda ya taɓa ɗaga kai.

Ranar Litinin ina saka takalmi uwar yaran ta tsaya a kaina.

"Malam, in sun tambaye ka inda aka haife ta, ka ce a gida."

"Ai ba a gida aka haife ta ba."

"Na sani. Ina wurin."

A cikin tasi aka haife ta, a kujerar baya, wata Talata da hantsi, gaban wani shagon taya, saura tafiyar minti goma mu kai asibiti. Direban ya taka birki, ya cire rigarsa ya rataya a gilashi, ya kama kafaɗata ya juyar da ni ina kallon tayoyi. Wata mata mai wucewa ce ta karɓi haihuwar, ta wanke hannu ta tafi, ba mu sake ganinta ba. Da muka isa asibiti direban ya ce shi biyu ya ɗauka, uku ya sauke. Shi ya sa wa yarinyar suna Fasinja, kuma sunan ya bi ta har yau. Shekaru da yawa in ya wuce ta gaban shagona sai ya danna hon ya ce a gaida fasinjarsa. Ya rasu shekara shida da suka wuce. Na je ta'aziyya.

Sana'ata gyaran sikeli. In mai nama ko mai hatsi ya kawo min sikelinsa, nakan zauna da shi har sai allurar ta tsaya cak a kan sifiri. Shekara talatin ina wannan, har ya zama ban iya cewa "kusan" ba.

Ofishin rajistar yana can ƙarshen wani dogon baranda. Benci biyu ne, da taga biyu a jikin bango ɗaya, taku uku tsakaninsu. A saman ta farko an rubuta HAIHUWA, ƙarfe takwas zuwa sha biyu. A saman ta biyu an rubuta MUTUWA, ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Ta farkon ce a buɗe, a ciki akwai wata mata mai tabarau da igiya a wuya, da 'yar fanka tana kaɗa mata takardu, ta danne su da kofin shayi.

Ta miƙo min fom. Na cika layi takwas lafiya. Layi na tara ya ce wurin haihuwa. Na riƙe biro a sama har wanda ke bayana ya yi gyaran murya. A ƙasan fom ɗin an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa duk wanda ya ba da bayanin ƙarya zai fuskanci hukunci. Na rubuta: cikin mota.

Matar tana da tsarin aikinta. Sai ta buga hatimi tukuna, sannan ta karanta. Ta buga, bam, ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wace mota?"

"Tasi ce, Malama. Ruwan toka."

"Ban tambaye ka launi ba. Ina mai motar?"

"Me za a yi da shi?"

Ta ajiye biro ta yi min bayani kamar mai karanta allon sanarwa. Wanda aka haifa a asibiti, asibiti ke shaida. Wanda aka haifa a gida, mutanen gida ke shaida. Wanda aka haifa a mota, mai mota ke shaida.

"Ai ina wurin, Malama. Uwarta ma tana wurin."

"Ku fasinjoji ne. Da a gida ka rubuta, da kai ne mai wurin, da yanzu kana hanyar komawa."

"To a ba ni wani fom ɗin."

"An buga wa wannan hatimi, ya samu lamba. Ba a haifar yarinya ɗaya sau biyu."

Na ce mata direban ya rasu.

"Allah ya jiƙansa. Kawo takardar mutuwarsa, sai uba ya tsaya a madadinsa."

"A ina ake samunta?"

Ta nuna ɗaya tagar da gindin biro.

"Wa zan samu a can?"

"Ma'aikacin wurin. Ƙarfe ɗaya."

Na zauna a benci na biyu. Ƙarfe sha biyu ta rufe tagarta. Na ji ƙarar jan kujera a ciki, da ta fanka ana sake mata wuri. Ƙarfe ɗaya daidai taga ta biyu ta buɗe. Ita ce, da tabarau ɗin, da kofin shayin. Hatimin kawai ya canza, wannan ja ne.

"Malama, kamar yadda kika ce ɗazu..."

"Ban ce komai ba a nan. Maganar safe ta safe ce. Me ke tafe da kai?"

Na sake ba ta labarin daga farko, har launin motar, ta saurara kamar ba ta taɓa ji ba. Ta tambayi sunan direban, ta buɗe wani ƙaton littafi, ta bi shi da yatsa, ta rufe.

"Ina takardar haihuwarsa?"

"Ta mutuwa nake nema."

"Na ji. Mu a nan rufe fayil muke yi, kuma ba a rufe abin da ba a buɗe ba. Mutumin nan a wurinmu ba a haife shi ba. Yaya za mu ce ya mutu?"

"Na je ta'aziyyarsa, Malama."

"Ka kyauta. Sai ka je tagar haihuwa a fara haifarsa."

"Ai ke ce a can."

"Gobe ƙarfe takwas."

Na dafa bakin tagar da hannu biyu na tambaye ta abin da ake bukata kafin a haifi mutumin da ya riga ya mutu. Ta ci gaba da gyara takardu.

"Wannan tambayar safe ce," ta ce. "Amma na ji ana cewa sai an kawo wani ɗan gidansu da ya girme shi, ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa."

Da na koma gida na faɗa, uwar yaran ta ajiye tsintsiya.

"Kalma biyu na ba ka, Malam. A gida. Ko aku zai riƙe."

"An rubuta hukunci a ƙasa."

"Hukuncin ai ga shi ka kawo mana har gida."

Na dubi Fasinja. Tana zaune a bakin ƙofa tana goge fararen takalman da yayarta ta saya mata na makaranta, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba balle su yi datti. Da ta yi min faɗa irin na uwarta da na fi samun sauƙi.

Ranar Talata na nemi gidan direban, yana bayan tashar mota, a wani lungu da ruwan wanke mota ke kwanciya. Matarsa na samu a kan keken ɗinki. Ta gane ni tun kafin na gama sallama. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ɗaga ƙafa daga keken ta yi dariya.

"Kai ma ka haɗu da mai tabarau? Sau uku na je bayan rasuwarsa. Ta ce sai an haife shi. Na ce ni ba haifarsa na yi ba, aurensa na yi. Na dawo gida."

"Ba wanda ya girme shi a danginsa?"

Ta nuna labulen ɗakin ciki da haɓa. "Inna, mahaifiyarsa, tana nan. Lokacin ban iya jan ta zuwa ofis ba, ko abinci ba ta ci. Yanzu kuma sai abin da ta ga dama take ji."

Tsohuwar tana zaune a bakin gado, 'yar ƙarama, idanunta sun yi fari-fari. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne mai sikeli? Wanda matarsa ta ɓata masa kujera?"

"Ni ne, Inna."

"Kwana uku ana wanke kujerar nan. Me kake so?"

Na yi bayani a hankali, da ƙarfi. Ta ce ba ta ji ba. Surukarta ta maimaita. Ta ce ita gwiwarta ba ta hawa mota. Na ce zan kawo mota har bakin lungu, zan ɗauke ta in ta kama. Ta daɗe tana murza zanen gadon.

"Ina fasinjar? Kullum yana zancenta, ban taɓa ganinta ba. In ta zo ta riƙe min hannu, sai in duba gwiwar."

Da yamma na yanki kwali a shago na rubuta tsari. Laraba da safe, a haifi direba. Laraba da rana, ya rasu. Alhamis da safe, a haifi Fasinja. Alhamis da rana mu kama hanya, domin makarantar tana wani gari ne, tafiyar awa uku. Juma'a ta zama rara. Na karanta wa uwar yaran, ta ce in cire hannuna daga duk abin da ake rubutawa da biro. Amma cikin mu huɗun da za mu je, matar direba ba ta rubutu, Fasinja kuma hannunta na wurin Inna, don haka biron ya sake dawowa kaina.

Laraba ƙarfe tara da rabi muka kai gaban taga. Malama ta dube ni kamar baƙo, ta miƙo fom.

"Inna, wace shekara kika haife shi?" na tambaya.

"Shekarar da rufin ɗakin girki ya faɗo."

"Lamba ake so," in ji Malama daga ciki.

Matar direba ta zaro tsohon lasisin tuƙinsa daga jaka, muka kwafi kwanan wata daga nan. Sai layi na tara.

"Inna, a ina?"

"A hanyar gona mana. Ina dawowa da itace a ka, sai na ji abin ya taso. Na ajiye itacen a gindin wata bishiya..."

Fasinja ta taka min ƙafa. Ba ta dube ni ba, ba ta saki hannun tsohuwar ba, ta dai taka, ta kuma bar ƙafarta a nan. Ni ma na riga na hango abin. Bishiya tana da mai ita. Mai ita ya mutu tun ban san kaina ba, shi ma ba a haife shi ba, kuma sai an nemo wanda ya girme shi. Na ga matattu sun yi layi a barandar nan har bakin titi, kowa yana jiran in haife shi. Na rubuta: a gida. Baƙaƙen suka fita a karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Bam. Malama ta karanta. Ta ɗago.

"Na ji kamar an ce bishiya."

Matar direba ta matso.

"Bishiyar a tsakar gida take."

"To," in ji Malama. "Inna, kawo yatsa."

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma aka kira mu. Takarda ce mai kauri, da koren zane a gefe-gefe. Na miƙa hannu, Malama ta kauce min, ta ce wanda ya dangwala yatsa shi ake ba.

"Ga shi, Inna. An samu namiji."

Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu. Ta kai ta kusa da ido, ta kai ta hanci, ta shafa hatimin da ɗan yatsanta mai tawada. Muka koma benci na biyu don jiran ƙarfe ɗaya. Ta ce wa Fasinja ta karanta mata. Fasinja ta karanta sunansa, da ranar, da sunan uba, da sunan uwa.

"Sake wurin nan."

"Sunan uwa?"

"Shi."

Ta sake. Tsohuwar ta ce ita tunda take ba a taɓa rubuta sunanta a takarda ba, sai yau, kuma ga shi kusa da nasa. Ta sa aka karanta mata har sau biyar. Ni ina duba agogo ina duba kwalina. Komai yana tafiya daidai, wanda shi ne abin da ya fara ba ni tsoro.

Ƙarfe ɗaya taga ta buɗe. Na sunkuya.

"Inna, takardar."

"Me za a yi da ita?"

"Za a buga mata jan hatimi a ajiye a fayil, sai a ba mu ta rasuwa."

"A ajiye a wurinsu?"

"Haka tsarin yake."

"Yau aka ba ni shi, yau za ku karɓe?"

Ta naɗe takardar a hankali ta tura cikin rigarta, ta ɗora hannu a kai. Na ce akwai mai fotokwafi a bakin ƙofa, zan yi mata guda biyu, har in sa a leda. Ta ce in riƙe hotona. Na fito da kwalin na nuna mata, na bi layi-layi da yatsa, na ce Juma'a ƙarfe sha biyu, na ce gurbi, na ce ta bayanta. A nan kunnenta ya daina aiki gaba ɗaya.

"Inna," in ji surukarta, "makarantar yarinyar nan fa."

"Na ji. Kwana ɗaya kawai nake so. Wancan karon ma shekara hamsin da biyu aka bar min shi."

Na riga na fara lanƙwasa gwiwa zan durƙusa a gaban mutane, sai Fasinja ta riƙe min hannun riga.

"Baba, a bar mata."

"Kin san lissafin kuwa?"

"Na sani."

"In ya rasu gobe da rana, ke sai Juma'a ƙarfe takwas. Awa uku a hanya. In taya ta fashe fa? In an yi layi fa? In Inna ta tashi gobe ta ce kwana biyu?"

"Na sani, Baba. A bar mata."

Na koma taga na tambayi Malama ko gobe, in an gama na mutuwa, za ta taimaka ta haifi yarinyar nan take, tunda ita ce dai, kuma taku uku ne.

"Nan tagar mutuwa ce."

"To in mun zo da sassafe a fara da mutuwar fa?"

"Da safe haihuwa ake yi. Na gaba."

Ranar Alhamis na buɗe shago don kada in zauna a gida uwar yaran ta yi ta kallona. Wani mai kifi ya karɓi sikelinsa ya tafi, bayan rabin awa ya dawo ya ce allurar tana kwance a kan biyu. Tunda na fara sana'a ba a taɓa dawo min da aiki ba. Na ba shi haƙuri na rufe shagon. Fasinja kuwa tun safe ta fita, ta ce za ta je ta taho da su Inna.

Sha biyu da rabi ina kan benci na biyu. Ƙarfe ɗaya taga ta buɗe. Wani mutum ya zo da takardun matarsa, aka gama masa cikin minti goma. Wasu 'yan'uwa uku suka zo suna gardama a kan wanda zai sa hannu, Malama ta ce su je waje su gama su dawo. Ƙarfe biyu. Na kira wayar Fasinja, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ƙarfe uku na tashi zan bi su, na kai tsakiyar baranda na tuna hanya biyu ce, za mu iya saɓawa, na dawo na zauna. Na sake tashi. Malama ta ce in zan yi sintiri in yi daga can, ina tare mata iska.

Huɗu saura ashirin na hango su a ƙarshen baranda. Tsohuwar a tsakiya, tana taku ɗaya tana hutawa. Barandar nan ban taɓa sanin tsawonta ba sai ranar.

Muryar Fasinja ta dushe. Ta ce tun safe maƙwabta ke shigowa ganin takardar, duk wanda ya shigo sai an karanta masa, har direbobin tasha sun zo su bakwai sun tsaya a tsakar gida sun cire hula. Ta daina ƙirgawa a karatu na talatin. Wayar kuma Inna ce ta zauna a kanta.

Na miƙa hannu. Tsohuwar ta wuce ni kamar ginshiƙi, ta dafa bakin taga da kanta. Ta fito da takardar a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali, ta warware, ta miƙe gefen da ya lanƙwashe.

"'Yar nan, ke ce mai ajiya?"

"Ni ce, Inna."

"Ki sa shi inda ba danshi. Ba ya son sanyi, tun yana ƙarami."

Malama ta dubi takardar, ta dubi tsohuwar.

"A kantar sama zan sa shi. Rana tana kaiwa wurin da safe."

Ta ɗauki jan hatimin. Na runtse ido ina jiran bam. Ban ji komai ba. Da na buɗe ido ta riga ta ɗora shi ta danna da tafin hannu ta ɗaga. Huɗu saura biyar ta miƙo takardar mutuwa, matar direba ta karɓa ta juya ta gaba da baya.

"To, yau gwamnati ta yi min ta'aziyya," ta ce, ta miƙo min. "Ka dawo min da ita, kada ka rubuta komai a jiki."

Muka sa tsohuwar a mota. Sai da za a rufe ƙofa ta kamo hannun Fasinja ta ce in ta zama malamar asibiti ta zo ta duba mata gwiwa, don ta gaskiya ce, ba ƙarya take ba.

Juma'a ƙarfe shida muna kan benci na farko, ni da Fasinja da jakarta. Ko mai shara bai zo ba. Na lissafa: in Malama ta karɓi takarda ƙarfe takwas, bugawa takan ci awa ɗaya da rabi kamar ta direba, mu fita tara da rabi, mu isa sha biyu da rabi. Na sake lissafawa ta wata hanya, ya sake ba ni sha biyu da rabi. Ban faɗa wa yarinyar ba. Ita ma na ga tana motsa yatsu a kan jaka, ba ta faɗa min ba.

Malama ta zo takwas saura kwata, ta wuce mu ba gaisuwa. Muka ji jan kujera, muka ji fanka. Ƙarfe takwas daidai taga ta buɗe.

"Me ke tafe da kai?"

Na miƙa takardar mutuwar direba da lambar fom ɗina. Ta duba, ta ɗaga kofin shayinta, ta zaro wata takarda mai koren gefe daga ƙarƙashinsa. An riga an buga komai, har layi na tara.

"Na tarar da wannan a kan teburina. Ina jin ma'aikaciyar rana ce ta buga, ba ta da aikin yi. Sa hannu a nan. A nan kawai, Malam. Kada ka ƙara komai."

Takwas da minti huɗu muna waje. A tasha motar garin tana jiran mutum uku kafin ta tashi. Ni da ko a shago ba a jin muryata, sai ga ni a tsakiyar tasha ina kiran sunan garin ina jan jakunkunan mutane. Na samo biyu, na uku wata mata ce da ta ce ba can za ta ba, amma 'yarta na kusa da can. Direban motar ya ce in gyaran sikeli ya ƙi, in zo ya ɗauke ni aiki.

Taya ba ta fashe ba. Shanu sun tare hanya sau ɗaya, an tsaya shan mai sau ɗaya. Sha biyu saura ashirin da biyu muka sauka a ƙofar makarantar. Maigadi ya ce ɗalibai kawai. Fasinja ta karɓi ambulan daga hannuna, sai da ta ɗan ja kafin na saki. Ta shiga da gudu, jaka tana dukan bayanta.

Na tsaya a jikin ƙarfen ƙofa tare da wasu iyaye. Saura minti huɗu ta fito daga wani ɗaki tana ɗaga wata 'yar farar takarda mai lamba. Ta zo bakin ƙofa ta nuna min ta tsakanin ƙarafa, na karanta sau biyu, na juya bayanta. Ba a rubuta komai ba.

"Baba, ka koma gida. Ka ci abinci. Ka ce wa Mama an gama."

A motar dawowa na yi niyyar yin barci. Har na jingina kai sai abin ya faɗo min: ni ma ba ni da takardar. Ranar da ta Allah ta kasance, yaran nan za su tsaya a taga ta biyu a ce musu ba a haifi ubansu ba. Na fara lissafa waɗanda suka girme ni a gidanmu. Baba ya rasu. Innarmu ta rasu. Gwaggo ta rasu bara. Saura mutum ɗaya, yayana, wanda shekara tara ba ma magana saboda katangar da ya gina ta shigo filina da taku ɗaya da rabi. Kuma yana da hawan jini.

Ban sauka a tasharmu ba, na sauka a kwanar gidansa. Na buga ƙofa. Shi ya buɗe da kansa, da singileti, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna, Yaya. Litinin da safe kana da wani aiki?"